Dardumar Baba a Sahun Farko

Juma'a, 3 ga Maris 2006, bayan La'asar

Na ɗora ruwan tuwo na manta ban kunna risho ba, sai da Kauthar ta ce, "Umma, tukunyar ba ta magana." Bari in rubuta abin da na gani tun ban fara ƙara masa gishiri ba, don na san halina.

Masallacinmu na nan Gwarinpa, inda mijina Malam yake limanci, yana da wata al'ada da kowa ya saba da ita har ya daina ganinta. Tun da hantsin Juma'a direbobi suke zuwa da dardumomin iyayen gidansu, su jera su a sahun farko, ƙarƙashin esi, su fice. Masu dardumar ba sa zuwa sai liman ya kusa hawa mumbari. Su shigo da manyan riguna suna tsallake wuyan mutane, kowa ya tsaya a kan tasa. Direban da ya shimfiɗa kuwa yana can waje a kan siminti, cikin wannan rana ta Maris.

Daga benen mata ana ganin komai ta ramukan bulo. Yau wani tsoho ɗan garuwa ya shigo da wuri. Da gani baƙo ne, bai san dokar ba. Ya ga ɗan fili tsakanin dardumomi biyu, ya zauna yana jan carbinsa. Mai gadi ya zo ya taɓa masa kafaɗa. Tsohon ko musu bai yi ba, har haƙuri ya ba mai gadin, ya miƙe ya fita. Malam yana tsaye a ƙofar ɗakin liman, a kan idonsa aka yi.

Bai hau mumbari ba. Ya tako ya sunkuya ya ɗauki dardumar da ke tsakiya, ya naɗe ta da hannu biyu, ya ɗora a kantar Alƙur'anai. Ya ɗauki ta kusa da ita, ya ɗauki ta gaba, har ya share sahun tas. Sannan ya juyo, da wata murya da ban taɓa jin ta a gidana ba, ya ce, "Sahun farko na wanda ya riga zuwa ne. Ba a kama wa kowa wuri a ɗakin Allah. Ku matso!"

Ta tsakiyar nan koriya ce, gefenta ɗinke da baƙin zare. Ta Yaya Nuraddeen ce. Kafin ta zama tasa ta Babanmu ce, ɗinkin kuma hannun Inna ne.

Yaya ya shigo ana cikin huɗuba, ya tarar da wani mai facin taya a wurinsa. Ya tsaya cak. Ƙeyarsa kawai nake hangowa daga sama, amma ƙeyar yayana ai na san ta. A tsakiyar mutane ya yi salla, ciyaman ɗin kwamitin masallaci guda, darakta guda a ma'aikatar tarayya. Ana sallamewa ya fice bai gaisa da kowa ba. Ilyasu direbansa ne ya dawo ya ɗauki dardumar.

Oh ni Rumasa'u. Mijina da yayana.

Asabar, 4 ga Maris, da hantsi

Wanda bai sani ba zai ce ai darduma ce kawai.

Baba ɗan dako ne a tashar Funtua. Wani alhaji da yake ɗaukar wa kaya ne ya kawo masa ita tsarabar Makka, ita ce kuma kaɗai abin da ya bari da za a kira gado. Ina 'yar ƙarama ya rasu, Inna ta bi shi ba da daɗewa ba. Daga nan Yaya ne uwa, shi ne uba. Shi ya kai ni makaranta, shi ya riƙe min kai ranar da aka cire min haƙori, shi ya aurar da ni. Shi ya ɗauko Malam daga Funtua ya kawo wa kwamiti, yana bugun ƙirji yana cewa, "Ga Malam Manniru, mutumin da ba ya tsoron kowa sai Allah." Da bakinsa ya faɗa. To Yaya, ga abin da ka saya nan, ai ba a yi maka algus ba.

Kullum da safe kafin ya fita yake kirana. "Auta, an tashi lafiya? Da me aka karya?" Yau shiru. Na yi masa filashin, shiru.

Akwai wani tunani da yake zo min game da Baba da tsohon jiya. Ba yau ba.

Lahadi, 5 ga Maris, da yamma

Duk Lahadi Ilyasu yana zuwa ya kwashe mu, mu yini gidan Yaya. Kauthar ta yi wanka, ta sa takalminta mai ƙara, ta zauna a bakin ƙofa har La'asar. Na ce mata motar ce ta lalace. Allah ya yafe min.

Talata, 7 ga Maris, bayan Azahar

Na kasa riƙewa. Na ajiye masa abinci da ƙarfi har miya ta fantsalo, na ce, "Malam, duk dardumomin nan ka rasa wadda za ka fara da ita sai ta Babana?"

Ya ce, "Da na fara da ta wani, me za a ce?"

"A ce me?"

"A ce liman ya gyara sahu ya tsallake surukinsa."

Na ce, "To ba sai ka same shi a gida ba? Baki ya ƙare ne, sai hannu?"

Ashe tun kafin Babbar Salla yake bin Yaya da maganar. A ofis, a gida, har a cikin mota. Kullum Yaya sai ya ce, Malam a bi a hankali, mutanen nan su suka sa esi, su ke sayen man janareta. Ni ko labari ban ji ba. Da na tambaye shi dalili ya ce nasiha ba tsaraba ba ce da za ka kawo wa matarka. Ka ji fa. Mutum ya kunna wuta a cikin danginka, kuma ya fi ka gaskiya. Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai.

Can ya ce, "Abu ɗaya ne yake damuna. Na ɗaga murya. Akwai fushi a ciki, fushin nan kuma nawa ne, ba na Allah ba. Wannan zan je in ba shi haƙuri."

Na ce, "Dardumar fa?"

Ya yi bisimilla ya sa hannu a tuwo.

Laraba, 8 ga Maris, da safe

Yaya bai kira ba.

Alhamis, 9 ga Maris, bayan Magariba

Malam ya je gidan Yaya. An bar shi a bakin get kamar mai tallan yadi, har sai da Anti Nabilah, matar Yaya, ta ji kunya ta sa aka buɗe. Ba a kai shi falo ba. A tsaye suka yi magana wajen ajiye motoci.

Malam ya ba da haƙurin muryarsa. Yaya ya ce ba ya buƙata. Abu ɗaya yake so: gobe, a gaban jama'a, Malam ya ɗauki dardumar nan da hannunsa ya mayar da ita inda ya ɗauke ta. In ya yi, magana ta wuce. In bai yi ba, kwamiti zai zauna.

Limancin na kwamiti ne. Gidan nan da muke ciki, mai jingine da bangon masallaci, shi ma na kwamiti ne. Na kalli labulen da na ɗinka da kaina, na kalli bishiyar gwandar da na shuka a bayan kicin, ta fara 'ya'ya.

Na ce, "Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce Allah ya huci zuciyarsa."

Juma'a, 10 ga Maris, bayan La'asar

Direbobi sun shimfiɗa kamar yadda suka saba. Malam ya fito ya naɗe, ɗaya bayan ɗaya, wannan karon bai ce uffan ba. Ya yi wa mutane alama da hannu su matso.

Ba wanda ya motsa.

Wallahi ba wanda ya motsa. Masu gadi, 'yan garuwa, leburorin gini, duk suka sunkuyar da kai kamar masu laifi. Sahun farko ya zauna wayam har masu shi suka iso, kowa ya tsaya daidai inda ya saba, a kan kafet. Yaya bai ko kalli kantar ba. Tsohon nan kuwa na duba ciki, na leƙa waje, babu shi.

Da ya shigo gida na tare shi tun bai cire rawani ba. Na ce, "Ka gani? Waɗanda ka yi dominsu ma sun bar ka a rana. Ka ɓata da nawa, ba ka samu naka ba."

Ya zauna a bakin gado, ya ce, "Ilyasu yana da iyali, Rumasa'u. In ya shiga gaban ogansa yau, gobe wa zai miƙa masa makullin mota? Ban ce kowa ya yi jarumta ba. Ni ne duk salla nake juyowa in ce a daidaita sahu. Da wane baki zan ci gaba da faɗa?"

Na shiga kicin na yi ta buga kwanoni.

Asabar, 11 ga Maris, da Walaha

Suna mitin. Bango ɗaya ne tsakaninmu da ofishin kwamiti, ko ba ka so sai ka ji. Na ji muryar Yaya. Na ji abin da ya faɗa game da buhun shinkafar da yake aiko mana, da wanda ya ɗinka wa Malam rigar da ke jikinsa. Sauran ba zan rubuta ba.

Na ɗauki Kauthar muka tafi kasuwa ba tare da ina da abin saye ba.

Litinin, 13 ga Maris, da yamma

Anti Nabilah ta kira, a ɓoye, ina jin ƙarar famfo a bayanta. Ta ce, "Ruma, ke ce mace, ke kika san ta inda za ki ɓullo masa. Abin nan fa sunkuyawa ɗaya ce. Sun ba shi zuwa Laraba ya ce ya yarda. Yayanki ba ya cin abinci, jininsa ya hau. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma a baki ɗaya suke kwana."

Na yi masa dambun shinkafa da zogale, abin da ya fi so. Na bari ya ci ya sha ruwa. Sannan na durƙusa, ni da ko ranar aurena sai da aka danna min kafaɗa. Na ce, "Malam, ban taɓa roƙonka zani ba, ban taɓa roƙonka ɗan kunne ba. Mutum ɗaya ya rage min a duniya da ya san fuskar Innata. Don Allah ka shimfiɗa. Allah ya san zuciyarka."

Ban taɓa ganin hawayen Malam ba sai a salla. Yau na gani, har cikin gemu. Ya kama hannuna ya ce, "In na shimfiɗa ta da hannuna, na gaya wa tsohon nan daidai aka yi masa. Na gaya wa duk wanda ke waje cewa nan ne wurinsa. Rumasa'u, ki roƙe ni wani abu. Kome ne ne."

Ba ni da wani abu. Shi ke nan abin da nake so.

Na tsane shi na ɗan lokaci, na rubuta don gaskiya ce. Kuma da ya ce to, na san da ban sake kallonsa da idon da nake kallonsa ba. Gaba kura, baya sayaki.

Laraba, 15 ga Maris, bayan La'asar

Sun ba shi hutu. Haka suka kira abin, hutu. Za mu bar gidan kafin ƙarshen wata.

Tawfiq suka naɗa, na'ibinsa, wanda Malam ya koya wa yadda ake riƙe sanda a mumbari, wanda ya ci tuwona har na san ba ya son kuɓewa. Ya zo ya tsuguna a tsakar gida yana share zufa. "Malam, wallahi ban nema ba. In ka ce in ƙi, zan ƙi."

Ni da nake bayan labule har na buɗe baki in ce to ƙi mana. Malam ya shiga ɗaki ya ɗauko alkyabba da sandar ya ɗora masa a hannu. Ya ce, "Karɓi. Masallaci ba ya kwana ba liman. Amma ka sani sahun nan a wuyanka yake yanzu, kuma zan riƙa tuna maka, ni da kai."

Tawfiq ya ce in sha Allahu. Irin in sha Allahun nan ce da kai da ji ka san ba za a yi ba.

Alhamis, 16 ga Maris, da safe

Yaya bai kira ba. Ina neman kwalaye.

Juma'a, 17 ga Maris, bayan La'asar

Na ce ba zan je ba, ƙafata ta kai ni.

Dardumomi sun dawo, a jere, har da sababbi. Koriyar tana tsakiya. Malam ya riga kowa shiga, ya zauna a sahu na biyu, daidai bayanta, da farar hularsa ba rawani. Tawfiq ya yi huɗuba a kan tsabta. Da ya juyo ya ce a daidaita sahu, muryarsa ta sarƙe, ya yi tari. Yaya ya iso ya tsaya a kan dardumar Baba, mijina yana bayansa, dugadugan ɗaya a gaban goshin ɗaya. Na yi sallar nan ban san me na karanta ba.

Bayan an watse wasu 'yan acaɓa da masu gadi suka zo ƙofar gida. Sun ce akwai fili a bakin kwalbati, za su haɗa kwano da katako su kafa rumfa, Malam ya riƙa ja musu salla, su bar wa masu esi esinsu. Na ce a raina, yawwa, ko ba komai a gane shi ma yana da mutane.

Ya yi musu godiya, ya ce a'a. Ya ce, "Ban naɗe darduma don in raba jam'i ba. Masallacin nan naku ne. Ku riƙa zuwa da wuri, ku zauna a ciki, ku bi Malam Tawfiq. Ni ma shi nake bi."

Suka tafi jiki a sanyaye. Wannan mutum, ko ƙofa aka buɗe masa sai ya duba ko ta halal ce.

Lahadi, 19 ga Maris, da Azahar

Kauthar ba ta sa takalmin ba yau. Ba ta ma tambaya ba. Wannan ya fi min ciwo.

Talata, 21 ga Maris, da hantsi

Masu ƙidaya sun zo, wata yarinya Catherine da abokin aikinta, da jakunkuna da alli. Ta kalli kwalayen da ke falo ta ce, "Madam, nan ne gidanku?" Na fashe da dariya, na yi ta yi har yarinyar ta tsorata ta kalli ƙofa. Na ce ta rubuta nan ne, zuwa Talata mai zuwa. Ta dangwala min tawada a yatsa, suka yi rubutu da alli a bangon da ba namu ba.

Asabar, 25 ga Maris, bayan La'asar

An ce kowa ya zauna a gida saboda ƙidaya, don haka na san zan sami Yaya. Ba mota a titi. Na taka da ƙafa tun daga layinmu har nasu, rana tana dukana, ban gaya wa Malam ba.

Yana falo shi kaɗai da jallabiya, talabijin a kashe. Ya rame. Wuyan jallabiyar ya yi masa yawa. Da ya gan ni bakinsa ya motsa, na rantse Auta zai ce, sai ya haɗiye.

Ya ce, "In haƙuri kika zo bayarwa a madadinsa, koma. Shi na ce ya shimfiɗa."

Na ce, "Ba haƙuri na kawo ba, Yaya. Ni ban san Baba sosai ba, a bakinka na san shi. Kai ka ce min ranar Juma'a tun da hantsi yake ajiye gammo, ko buhun wa aka sauke ba ya ɗauka. Ya yi wanka a famfon tasha, ya kama hannunka ku yi ta sauri. Kai ka ce yana cewa, Nura, duk Funtua wuri ɗaya ne nake shiga gaban mai kuɗi, shi ma sai na riga shi. To da Baba ne ya shigo masallacinku ranar nan fa? A kan dardumarsa za a taɓa masa kafaɗa a ce ya tashi."

Na ɗauka zai daka min tsawa. Sai ya miƙe a hankali.

Ya ce, "An tashe shi ai."

Na ce, "Wa?"

"Baba. Rabin labarin na ba ki, don ke yarinya ce. Ya riga kowa zuwa, ya shimfiɗa, muna zaune. Aka zo aka ce wurin Alhaji ne. Aka naɗe masa ita aka miƙa masa. Ina riƙe da hannunsa, na ji yadda ya yi sanyi. Har haƙuri ya ba su, Rumasa'u, har haƙuri! A bakin kwata muka yi sallar nan. Tun ranar na rantse dardumar nan ba za ta sake komawa baya ba. Don ita na yi karatu. Sai ga mijin da na zaɓa miki da hannuna ya sunkuya ya naɗe ta a gaban duniya."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara da shekaru yana ɗauke da wannan shi kaɗai, yana kirana yana tambayar da me na karya. Na so in rungume shi. Da na yi shiru, da na yi kuka kawai, wataƙila da yanzu wani labarin nake rubutawa. Amma bakin nan nawa.

Na ce, "To Yaya, tsohon nan fa? Shi ma har haƙuri ya bayar. Ina kallo."

Ya juya min baya ya ce, "Tashi ki tafi gidan mijinki, Rumasa'u."

Tunda nake bai taɓa kiran sunana sau biyu a zama ɗaya ba.

Lahadi, 26 ga Maris, bayan Asuba

Na gaya wa Malam duka. Ya riƙe kai. Ya ce, "Wata da watanni ina yi masa wa'azi, ban taɓa tambayarsa me ya sa ba. Wannan gazawata ce."

Na ce, "Da ka sani da ka bar ta?"

Ya ce, "Da na naɗe ta. Amma da ban ɗora ta a kantar Alƙur'anai ba. Da na riƙe ta a ƙirjina har ya iso, in miƙa masa da kaina."

Ya kira shi a waya. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Talata, 28 ga Maris, da yamma

Mun koma unguwar Dutsen Alhaji. Ciki da falo, bayan wani shagon walda, banɗaki na haɗaka. Mai gidan wata dattijuwa ce Bayarabiya, kowa Iya yake ce mata. Ta kawo mana ruwa a bokiti ta ce kada in damu, gida ai mutane ne. Akori-kura ɗaya ta kwashe mu kaf. Gwandar na bar wa matar Tawfiq, na ce ta riƙa ba ta ruwan wanke-wanke.

Malam ya samu wata Islamiyya zai riƙa koyar da yara. Masallacin layin nan tabarmar roba ce, wanda ya riga ya shiga gaba, ba wanda ya ma san ana wata magana a kai. Yana bin wani liman mai sayar da goro, ya dawo yana yaba karatunsa.

Na tura wa Anti Nabilah kwatancen gidan. Ban ce ta nuna wa kowa ba.

Laraba, 29 ga Maris, da hantsi

Rana ta yi husufi, gari ya yi duhu-duhu, kaji suka rikice. Kauthar ta ce, "Umma, ita ma fushi take yi?" Na ce e, amma tata tana hucewa.

Juma'a, 31 ga Maris, bayan La'asar

Ina tsintar shinkafa na ji Kauthar ta kwasa da gudu tana ihu, "Motar Kawu! Motar Kawu!" Tiren ya kife, ban ko waiwaya ba. Na fita ba mayafi, ni matar malam.

Ilyasu ne shi kaɗai. Ya sha wuya kafin ya shigo da motar lungun nan. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya buɗe gidan baya ya ɗauko wata baƙar leda ya miƙo min da hannu biyu.

Tun kafin in buɗe na san mece ce. Na ga baƙin zaren Inna ta bakin ledar.

Na ce, "Me ya ce?"

"Oga ya ce a kawo miki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

Na ce, "Ilyasu, tsakaninka da Allah, lafiyarsa ƙalau?"

Ya ce lafiya lau, sai dai tun ranar Asabar bai sake hawa kanta ba. Ko a gida, in an shimfiɗa masa sai ya tsaya yana kallonta, ya ja gefe ya yi sallarsa a kan tayil.

Na ce, "To yau fa? Yau ba ka shimfiɗa komai ba ke nan?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Na shimfiɗa, Hajiya. Sabuwa ya saya. Mai laushi, 'yar Dubai."

"A tsakiya?"

"A tsakiya."

Na ba shi ruwa ya sha. Kauthar ta riga ta shige motar ta zauna da takalminta mai ƙara, sai da na ɓamɓaro ta tana kuka. Muka tsaya muna kallo har ya yi ribas ya fita daga lungun.

Da Malam ya dawo na nuna masa. Ya shafa ɗinkin da yatsa. Na ce ko zai riƙa tafiya da ita masallaci. Ya ce, "Bar ta a nan wurinki. Can akwai tabarma."

Na share tsakar ɗaki na shimfiɗa ta. Tana ƙamshin turaren Yaya. Wurin sujada ya cinye har ana ganin zare, goshin Baba ya fara, na Yaya ya ƙarasa, nawa ya sauka daidai wurin. Na yi wa Yaya addu'a da sunan da Baba yake kiransa, na ce ya Allah, Nura. Daga nan ban iya ƙara komai ba, na daɗe ban ɗago ba.

Wayar tana gefen dardumar. Na ƙure mata ƙara, ko da zai kira ina kicin.